Koyar da Turanci a Ƙetare: Jagora ga Mai Shirin Tashi daga Kafin Hausa

Kowace shekara Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, da Jami'ar Tarayya ta Dutse, da Kwalejin Ilimi ta Gumel suna yaye matasan da suka karanci Turanci. Guraben gwamnati ba sa ɗauke su duka, albashin makarantun kuɗi kuwa sai a hankali. Shi ya sa tallan neman malaman Turanci a ƙasashen waje, wanda ke yawo a WhatsApp da Facebook, yake saurin kama zuciya. Aikin akwai shi. Sai dai kasuwar da ta fi buɗe wa ɗan Jigawa tana bayan Maigatari, wato a Nijar, inda Hausarsa take zama jari.

Ƙofofin nesa

Fara da sanin inda fasfonka ba zai kai ka ba. Koriya ta Kudu, wadda sunanta ya fi fitowa a irin waɗannan tallace-tallace, galibi tana ba da bizar koyar da Turanci ne ga 'yan ƙasashe bakwai: Amurka, Birtaniya, Kanada, Ayalan, Ostareliya, Niyu Zilan da Afirka ta Kudu. Najeriya ba ta ciki. Duk dillalin da ya ce zai kai ka can idan ka biya kuɗin fom, riƙe kuɗinka.

Saudiyya da sauran ƙasashen Larabawa na yankin Gulf suna ɗaukar malaman Turanci, musamman a shekarar share fage ta jami'o'i, kuma akwai 'yan Najeriya da ke koyarwa a can. Amma yawanci ana neman digiri na biyu, da gogewar shekaru, da takardar ƙwarewa irin CELTA ta Kambrij, wadda kwas ne na kimanin awa 120 da ya haɗa da awa 6 na gwajin koyarwa a gaban mai sa ido. Bizar aiki daga gida ake samo ta, kuma iƙamarka tana ɗaure da wanda ya ɗauke ka. Wanda ya shiga da bizar Umara ya zarce da aiki, sunansa takari, komai yawan takardunsa.

Akwai kuma hanyar gwamnati. Tun 1987 Najeriya take da shirin TAC a ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Waje, wanda ke tura malamai da ma'aikatan lafiya da sauran ƙwararru zuwa ƙasashen Afirka da Karibiyan da Fasifik na tsawon shekara biyu. Najeriya ce ke biyan alawus, ƙasar da aka je ta ba da masauki. Masu nema suna da yawa kuma an fi ɗaukar masu gogewa, don haka ka sa ido a sanarwar hukumar, amma kada ka zauna jiranta.

Me ya sa Nijar

A watan Maris na 2025 sabon kundin da ke tafiyar da mulkin Nijar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya mayar da Faransanci da Turanci harsunan aiki. Tun kafin wannan ma buƙatar Turanci ta daɗe tana ƙaruwa. Ɗan kasuwar Maraɗi da ke sayo kaya a Kantin Kwari da Dawanau Hausa ta ishe shi, amma ranar da ya nufi Dubai ko Guangzhou sai ya nemi Turanci. Ma'aikacin ƙungiyar agaji yana son rubuta rahoto. Ɗalibin da ya gama sakandare yana son shiga jami'a a Najeriya ko Gana. A Damagaram akwai matatar man SORAZ da aka buɗe a 2011 da haɗin gwiwar kamfanin China. Ga kuma layin dogon da ake shimfiɗawa daga Kano zuwa Maraɗi, mai reshe zuwa Dutse, wanda zai ƙara cuɗanya tsakanin ɓangarorin biyu.

Wuraren aiki iri uku ne. Akwai jami'o'i: ta Ɗan Dikko Ɗankulodo a Maraɗi, ta André Salifou a Damagaram, ta Abdou Moumouni a Yamai, da masu zaman kansu irin Jami'ar Maryam Abacha ta Maraɗi, wadda aka kafa a 2013 kuma ake karatu da Turanci a cikinta. Waɗannan digiri na biyu suke so. Akwai ƙananan cibiyoyin harsuna da makarantun koyon sana'a masu azuzuwan yamma, inda mai digiri na farko ko NCE zai iya samun shiga. Sai darasin gida ko na ofis, wanda ya fi tsoka amma ba ya samuwa sai an san ka.

Manya ba kamar yaran sakandare ba ne. Alhajin da ya rufe shago ya zo aji bayan Magariba bai damu da nazarin adabi ba. So yake ya yi ciniki, ya karanta takardar kaya, ya amsa tambayar jami'in filin jirgi. A nan za ka fi baƙon malami, domin za ka warware masa abin da ya shige masa duhu da harshen da ya tashi da shi. 'Yan boko kuwa da Faransanci suka yi lakwal, wato makaranta, da shi za su riƙa yi maka tambaya kan nahawu. Ka ɗan koyi Faransanci kafin ka tashi. Akwai cibiyar Alliance Française a Kano.

Maganar kuɗi

Sefa, kuɗin Nijar, tana ɗaure da kuɗin Yuro, kusan sefa 656 a Yuro ɗaya, don haka ba ta yawan tangal-tangal kamar naira. Wannan ne ke sa albashin can ya yi kyau idan an canza shi a Maigatari. Amma kada lissafin canji ya ruɗe ka, domin da sefa za ka biya haya da abinci da wuta. Mafi ƙarancin albashi a hukumance sefa 42,000 ne a wata tun farkon 2024. Ka riƙe wannan a matsayin ma'auni: tayin da ya tsaya kusa da shi bai kai ka bar gida ba.

Yawancin cibiyoyi da awa suke biya, ba da wata ba. Ranar da ɗalibai ba su zo ba, babu kuɗi. Azumi yana rage azuzuwan yamma, dogon hutun damina kuma yana iya barin ka wata biyu ko uku ba shiga. Masu jin daɗin sana'ar su ne masu haɗa wuri biyu ko uku. Kafin ka amince, tambayi nawa ne kuɗin awa, awa nawa aka ba ka tabbaci a mako, ranar nawa ga wata ake biya, wa ke da alhakin masauki, kuma me zai faru idan aji ya watse. A rubuta duka a sa hannu. Yarjejeniyar fatar baki cinikin biri a sama ne. Wajen ciniki kuma ka kula: a Nijar da dala ake ƙirga kuɗi, dala ɗaya sefa biyar ce, jika kuwa sefa dubu.

Takardu

Nijar ta fice daga ECOWAS a ranar 29 ga Janairun 2025. Ita da Mali da Burkina Faso sun ce 'yan ƙasashen ƙungiyar za su ci gaba da shiga ba tare da biza ba, amma an tsananta bincike a kan hanya. Ka tafi da cikakken fasfo mai sauran wa'adi, a buga maka hatimin shiga, ka haɗa da katin rigakafin shawara. Zaman da ya wuce wata uku yana buƙatar takardar izinin zama, kwantiragin baƙo kuma sai hukumar samar da aikin yi ta ANPE ta amince da shi. Ka ɗauki asalin shaidar digiri da ta NYSC da rajistar TRCN, da kwafinsu, ka sa a fassara su zuwa Faransanci. Kada ka miƙa wa kowane mai makaranta fasfonka ya ajiye.

Hanya da zama

Daga Kafin Hausa ka bi Haɗeja zuwa Gumel, ka faɗa Maigatari. Alhamis ce ranar kasuwarta, ranar motoci da 'yan canji suka fi yawa. Mai son hanyar da ta fi motoci zuwa Damagaram sai ya bi Kano, Daura, Kwangwalam, Matamai. Hanyar Maraɗi ta Katsina da Jibiya ce, kuma saboda matsalar 'yan bindiga a wannan yanki ka tambayi direbobi halin da ake ciki, ka yi tafiyar da rana. Iyakar ma ba kullum take a buɗe ba: an rufe ta bayan juyin mulkin Yulin 2023, sai a Maris na 2024 aka buɗe. Ka tabbatar kafin ka ɗaura kaya. Yankunan Diffa da Tillaberi kuwa ba wurin sabon zuwa ba ne.

A shingayen jandarma da na duwan, wato kwastam, ka yi sallama, ka nuna takarda, ka bar gardama. Maganar siyasar ƙasar ka bar wa masu ita, a aji da majalisa da kuma shafukan sada zumunta. Cikin ƙasa manyan motocin Rimbo da STM suna haɗa Damagaram da Maraɗi da Yamai. Ka sayi layin waya na can, Airtel ko Moov ko Zamani. Zafin bazara yana da tsanani, wuta tana yawan ɗaukewa a lokacin, kuma shi ne lokacin sanƙarau, don haka ka yi rigakafi. Malama mai niyyar zuwa ta tabbatar da masauki a hannun dangi ko makarantar tun kafin ta tashi.

Makarantu suna komawa wajen Oktoba, saboda haka Agusta da Satumba ne lokacin neman gurbi. Idan kana da aiki a gida, kada ka ajiye shi tukuna. Ka yi zuwan farko na mako guda da kuɗin komowa a aljihu, ka zaga cibiyoyi da ƙafarka, ka roƙi a bar ka ka koyar da darasi ɗaya na gwaji, ka tambayi malaman da ka tarar ko ana biyansu a kan kari. Abin da suka gaya maka shi zai nuna ko ka koma da akwati ko ka nemi wani wurin.