Sharhin Baitoci Uku a Kan Wasiyyar Matar Aure

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Mai aure, dukiyarki taki ce,
Sulusi ki faɗi inda za a kai ta.
Miji ba shi da ikon hana ki,
Amma magaji ba a yi masa ita.
Kira shaidu tun da sauran numfashi,
Maganar ɗaka ba a hukunci da ita.

Bayan haka, ku sani ya 'yan'uwa, abin da ya sa na yi baitocin nan shi ne abin da na gani a gidanmu a ƙasar Rufa'a. Iyayenmu sun baro ƙasar Hausa da nufin Makka, wasu a sawun Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, wasu daga baya, da aka buɗe gonakin auduga na Jazira a 1925. Maza suna ƙwadago, mata suna tsinkar auduga da suyar gyaɗa, suna mai da ribar awaki da tasoshi da ɗan zinari. Wannan duk nata ne, miji ba shi da ko allura a ciki sai ta rasu: ya sami rabi in ba ta da ɗa, rubu'i in tana da shi.

Ma'anar baiti na biyu: a mazhabar Imamu Malik, matar aure in za ta yi kyautar da ta wuce sulusi tana da rai, miji yana iya mayar da ita. To, wasiyya ba ta neman izininsa, domin ba ta aiki sai bayan mutuwa. Nan ne mutane da yawa suke ruɗewa.

Kakata, Allah Ya jiƙanta, awaki tara gare ta. Tana da 'yar riƙo wadda ta goya tun daga yaye, ta kuwa san riƙo ba ya kawo gado. Da ciwo ya yi tsanani sai ta sa aka kira liman da wani dattijo, suka tsaya a bakin ƙofa, ta ce uku na yarinyar ne. Kakanmu ya ɓata rai, ya ce ba a shawarce shi ba. Liman ya ce masa shari'a ba ta ɗora mata shawarar ba. Ranar rabo aka biya bashi, aka fitar da ukun, sannan aka raba saura. Ta wannan hanya mata suke tsaga wa ɗan kishiya, ko jikan da ubansa ya riga su rasuwa, wata kuma ta ce a yi mata Hajjin da ba ta kai ba, sai a zartar daga sulusi.

Amma magaji, malamanmu ba su yarda a yi masa ba sai sauran magada sun amince. Na san a 1945 kotunan shari'a na Sudan sun halatta ta cikin sulusi, sai dai dattawanmu sun tsaya a kan abin da suka karanta a Risala, ni ma a nan nake.

Baiti na uku shi ya fi damuna. Yaƙin da ya iso Jazira a Disamba 1923 da ƙarni guda, wato 2023, ya watsa garuruwanmu, shaidu sun rasu ko sun yi nisa. Wadda ta faɗa da baki a dā, ta sake faɗa yanzu, a rubuta, adilai biyu su sa hannu, a ajiye takarda ɗaya wajen liman, ɗaya wajen wanda aka yi wa.