Yadda Ake Yi Wa Ƙarfe Ruwan Zinariya Da Lantarki

Sau da yawa mutum yakan sayi sarƙa ko zobe mai ƙyalli, yana zaton zinariya ce zalla, bayan 'yan watanni sai launin ya koɗe, jan ƙarfe ya bayyana. Irin wannan kaya ruwan zinariya kawai aka yi masa. Ya kamata kowane ɗan ƙasa ya san yadda ake wannan aiki, don kada a cuce shi a kasuwa.

Asalin Aikin

Wani masani ɗan Italiya, Luigi Brugnatelli, shi ne ya fara shafa zinariya a kan ƙarfe da ƙarfin batir a shekarar 1805. A 1840 George da Henry Elkington na Birmingham a Ingila suka sami izinin mallakar dabarar, suka mai da ita sana'a.

Yadda Ake Yi

Da fari akan wanke kayan sarai, domin maiƙo ko tsatsa suna hana shafen kamawa. Sa'an nan a tsoma shi cikin ruwan da aka narkar da gishirin ƙarfen da ake so, a ɗaura shi da waya a gefen batir mai alamar ɗebewa (−). A gefe mai alamar tarawa (+) kuma a ɗaura guntun ƙarfen, shi ma a tsoma. Da lantarki ya ratsa ruwan, sai ƙwayoyin ƙarfen da ke cikinsa su riƙa zuwa suna mannewa a jikin kayan. Idan jan ƙarfe ne ko azurfa, guntun yakan riƙa narkewa yana mayar wa ruwan abin da ya rasa. Kaurin shafen ya dogara ga yawan lantarki da daɗewar kayan a ruwa. A kayan ado masu araha bai kai kashi ɗaya cikin hamsin na kaurin gashin kai ba.

Amfaninsa

Ba don ado kaɗai ake yi ba. Gwangwanin madara ƙarfe ne da aka shafe da kuza don kada tsatsa ta ɓata abinci. Kusoshi kuma akan shafe su da tutiya.

Gargaɗi

Mai sayen kayan ado ya duba tambari: haruffan GP na nufin ruwan zinariya ne kurum. Maganaɗisu ba ya jan zinariya, amma ba ya jan tagulla ma, saboda haka a kai wa amintaccen maƙeri ya gwada kafin a biya kuɗi.

Masu sana'ar kuma su sani cewa ruwan shafen zinariya da azurfa yakan ƙunshi guba mai kisa da ake kira sayanayid. A yi aiki a wuri mai iska, a sa safar hannu, a nisanta yara. Kada a zubar da ragowarsa kusa da rijiya ko rafi, domin ruwan sha na kowa da kowa ne.