Ƙeso: Nazari a Kan Lambar 20,000

Ɗalibin da ya je kasuwar Sanam, a ƙasar Kurfai ta jihar Tilaberi, domin tattara kalmomin ƙidaya, zai ji ana cewa an sayar da akuya “dubu huɗu”. Idan ya rubuta sefa 4,000 ya ɓata bayanansa, domin dala ake nufi, kuma dala ɗaya sefa biyar ce. Kuɗin akuyar sefa 20,000 ne, wato jika ashirin.

Wannan lamba tana da tsohon suna a Hausa. A zamanin wuri, ƙeso shi ne wuri 20,000. A 1851, matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya ga yadda ake ƙidayar wuri a Tasawa: ana jan su biyar-biyar, a tara su tsibi-tsibi na ɗari biyu, wato hauya goma, ko kuma na dubu. Hauya ita ce ashirin a tsohuwar ƙidaya.

Me ya sa 20,000 ta dace da wannan aiki? Amsar tana cikin gininta. A raba ta biyu: 10,000, sai 5,000, sai 2,500, sai 1,250, sai 625. Sau biyar ke nan ta rabu. Ita kuma 625 ita ce 5 × 5 × 5 × 5. Ashe tubalanta biyu ne kawai, 2 da 5, kuma dukansu lambobin asali ne, waɗanda ba sa rabuwa sai da ɗaya da kansu.

Daga nan sauran siffofinta suke fitowa. Lamba ce cika, ba mara ba. Lambobi 30 ne suke raba ta ba saura: akwai hanyoyi shida na ɗaukar 2 (daga babu zuwa sau biyar) da hanyoyi biyar na ɗaukar 5, shida sau biyar kuwa talatin. Idan aka tara masu raba ta, ban da ita kanta, za a sami 29,203. Da yake jimillar ta zarce ta, masana lissafi suna sanya ta cikin lambobi masu yalwa. Ba murabba’i ba ce, domin 141 × 141 bai kai ta ba, 142 × 142 kuma ya wuce ta. Haka nan ba ta rabuwa uku: ’yan’uwa uku da suka sayar da akuyar nan za su ɗauki dala 1,333 kowannensu, dala ɗaya ta rage.

Yanzu a dubi ma’aunan da Hausa ta ba suna: 5, 20, 200 da 1,000. Kowannensu yana raba 20,000 daidai: dala dubu huɗu, hauya dubu, tsibi ɗari, jika ashirin. Saboda haka, duk lokacin da aka faɗa maka lamba a fagen bincike, ka tambayi abin da ake ƙirgawa da shi kafin ka rubuta ta da alƙaluma.