Idan A-kori-kura Ta Ƙi Tashi

A Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, a-kori-kura ce ke kwaso masara da waken suya daga gona, ita ke kai dabbobi kasuwar Sheme, ita ke garzayawa da mara lafiya asibitin Funtuwa. Ranar da ta ƙi tashi, harkar gida guda ta tsaya. Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda direba ke saurin sayen sabon batir ko kik, alhali waya ɗaya ce ta saki. Don haka, direba, kafin ka kira bakanike, murɗa makulli ka kasa kunne. Motar za ta gaya maka inda ciwon yake.

Idan ka murɗa ka ji tsit, ko ka ji "ƙat-ƙat" injin bai juya ba, matsalar wuta ce. Kunna fitilun gaba ka sake murɗawa. In sun dusashe, batir ya yi sanyi ko kansa ya saki. Hanyoyinmu na ƙauye masu gargada suna kwance kan batir, ga farin gishiri da ke taruwa a kai ya hana wuta wucewa. Kwance wayar mainos tukuna, sannan ta fulos, ka kankare, ka wanke da ruwan zafi, ka ɗaure tam. Duba kuma wayar da ta tashi daga batir zuwa jikin mota, domin an fi mantawa da ita. Lafiyayyen batir yana nuna bolt 12.6 idan mota tana kashe, 13.5 zuwa 14.5 idan tana aiki. In bai kai haka ba alhali injin na aiki, altaneta ba ta caji ko bel ya saki, kuma sabon batir ma haka zai mutu cikin 'yan kwanaki.

In kuwa fitilu na nan tangaran amma injin bai motsa ba, ka zargi kik, ko fis, ko makullin kansa. Wani ya murɗa, kai ka ɗan ƙwanƙwasa jikin kik da sifana, motar tana firi. In ta tashi, gawayin kik ya cinye. Dabarar kai ka gareji ce kawai, ba gyara ba ce. Mota mai kuloci tana tashi da turi a giya ta biyu, mai otomatik kuwa kada a wahalar da yara.

Inda aiki yake shi ne injin yana juyawa da ƙarfi amma ya ƙi kamawa. Kada ka wuce daƙiƙa 10 kana murɗawa, ka huta rabin minti, in ba haka ba ka ƙone kik ka ƙarasa batir. Fara da mai, kuma kada ka yarda da allurar tanki, ta tsofaffin motoci ta sha yin ƙarya. A mai fetur ta zamani, da ka buɗe makulli za ka ji kukan famfon mai daga tanki na ɗan lokaci. In babu, duba fis da rile. A tsohuwar Peugeot 504, irin wadda aka harhaɗa a Kaduna, cire murfin distiributa ka goge raɓa, ka duba kwantak da koyil, ka ga ko fulogi na ba da tartsatsi. In warin fetur ya cika wurin, mai ya yi mata yawa: take totur har ƙasa ka murɗa.

Mai gas ba ta da fulogi, abokan gabarta iska da ruwa ne. A kan tacin man Hilux akwai ɗan famfon hannu. Yi ta dannawa har ya yi tauri, sannan ka gwada. A ƙarƙashin tacin akwai abin tsiyayar da ruwa. Wanda ke sayen mai a galan hannun 'yan bumburutu, saboda gidan mai ya yi nisa, ya riƙa tsiyayewa a kai a kai. Da sanyin hunturu kuma, jira fitilar hita ta mutu kafin ka tayar.

Wurare biyu ne nake roƙon ka da ka cire hannu. Idan motar ta mutu a cikin rafi da damina, kada ka murɗa makulli, domin ruwan da ya shiga injin yana lanƙwasa ƙarfen fistin, gyaran dubbai ya koma na dubban ɗaruruwa. Haka in injin yana juyawa sakayau da sauri fiye da yadda ka saba, wataƙila tamin bel ya tsinke. A ja ta zuwa gareji.

Kowa ya san halin tsaro a hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme da ta 'Yankara, da ƙauyukan Sabuwa. Motar da ta yi maka gardama da safe, kada ka loda mata kaya da mutane ka ce Allah ya kai mu. Gyara ta tun a gari. Ajiye sifana mai lamba 10 da 12, da filaya, da fis, da wayar jona batir, da igiyar ja. In ta mutu maka a daji rana ta yi yamma kuma ka kasa gano matsalar nan take, kulle ta, ka kwashe fasinjojinka ku nufi gari mafi kusa. Gobe da hantsi ka dawo da bakanike.