Idan Akwai Mai Koyon Zanen Mutane a Gidanku

A Tambuwal ko Kebbe, yaron da ya ce zane da fenti zai karanta yakan sha tambaya biyu daga iyaye: ina kuɗin kayan aiki, kuma wa zai koya masa alhali manyan malaman abin suna can Zariya da Legas? Hankalinku ya kwanta. Abin da ya fi ba ɗaliban zane wuya shi ne zana mutum, gidajenmu kuwa cike suke da mutane tun daga zaure har madafa. Ga abubuwan da aka gwada aka ga amfaninsu, wasu na ɗalibin ne, namiji ko mace, wasu kuma na mutanen gida.

1. Ku fara zama da malaminku. Zana mai rai magana ce da ta shafi addini, gara a gama ta tun da wuri da a bari ta zama rigimar tsakar gida bayan an kashe kuɗi. Malaman Malikiyya sun bambanta tsakanin cikakken mutum-mutumi mai inuwa da zanen da ke shimfiɗe a kan takarda, suka haramta na farko suka sassauta a na biyu, akwai kuma malaman da suka tsananta a kan duka biyun. Ku ji ta bakin wanda kuka amince da iliminsa, idan gida ya zaɓi tsanantawa to tufafi da gine-gine da itatuwa da zayyana sun ishi yaro aikin shekaru, kuma yawancin abin da ke ƙasa zai yi masa amfani.

2. Kada ku sayi takarda mai tsada tukuna. Sabon hannu yana ganin farar takarda ta kuɗi sai ya kama rawa, yaro ya wuni yana goge layi guda. Ku tara masa bayan tsohuwar kalanda, kwalayen shago, da takardar buhun siminti da aka kakkaɓe aka danne a ƙarƙashin tabarma ta miƙe. Ta simintin ma ta fi daɗin aiki, domin launinta na ƙasa ya riga ya tsaya a tsakiya: gawayi ya ba da duhu, alli ya ba da haske.

3. Ku ƙona gawayin zane da kanku. A yanko siraran rassan darbejiya masu kaurin fensir, a ɓare bawon, a bari su bushe, a jera su cikin gwangwani mai murfi da aka huda da ƙusa, sannan a tura shi cikin murhu lokacin da ake tuwon dare. Idan hayaƙi ya daina fita ta hudar, a janye gwangwanin a bar shi ya huce sarai kafin a buɗe, don idan iska ta shiga da zafinsa toka za a tarar.

4. Fensir uku sun isa. HB na shata layi, 2B na yawancin aiki, 6B na wurare masu duhu ƙirin. A fiƙe su da reza bakin ya yi tsawo, a riƙe daga can baya maimakon riƙon rubutu, hannu zai riƙa motsi daga kafaɗa. Abin gogewa kuwa Inna ta ɓoye shi na wata guda: layin da ya kauce a bar shi a ja daidai a gefensa, ta haka ido yake gane inda ya ɓata.

5. Ranar kasuwa ranar makaranta ce. Ka samu inuwar rumfar wani da ka sani, ka riƙa zana masu wucewa cikin minti ɗaya ko biyu: ɗan dako da buhun albasa a ka, Bafulatana da ƙwaryar nono, mai jan akuya tana turjewa. Ba fuska ake nema ba a nan, ka fara da layi guda daga ƙeya zuwa ƙafar da ta ɗauki nauyin jiki, sannan karkatar kafaɗa da ta ƙugu. Idan kaka ta yi aka buɗe filin kokawa ko na dambe, kada ka bari ya wuce ka, domin babu inda za ka ga yadda jiki ke murɗewa da tokarewa kamar nan.

6. Ka auna da tsinken tsintsiya. Miƙe hannu sosai, rufe ido ɗaya, ka ɗauki tsawon kan mutum a jikin tsinken da babban yatsa, sannan ka ƙirga sau nawa ya shiga tsawon jikinsa. Baligi yakan kai kai bakwai da rabi, jariri wajen huɗu, shi ya sa yaron da aka zana da awon babba yake fitowa kamar tsohon da ya tsuke. Ka riƙe waɗannan ma: ido yana tsakiyar kai ne, ba can sama kusa da hula ba, gwiwar hannu tana daidai da kunkuru, yatsu kuma suna sauka tsakiyar cinya idan an saki hannu.

7. Tsofaffin gida su ne masu zama. Yara ba sa zama wuri ɗaya, samari kuma da zarar sun ji ana zana su sai su sandare kamar za a ɗauki hoton katin zaɓe. Kaka tana jan carbi bayan la'asar, Baba ya jingina da bango yana sauraron labaran rediyo, tela a kan kekensa, waɗannan za su ba ka rabin awa ba tare da sun san sun yi ba. Ka zagaye inda ƙafafunsu suke da alli don a iya komawa daidai bayan hutu, ka bar su su miƙe duk bayan minti 20, kuma kada ka manta da goron Kaka.

8. Ka koyi tufafi sosai, nan arzikinmu yake. Ba sai kowa ya tuɓe komai ba kafin a koyi jikin mutum, amma dole ka san inda kafaɗa da gwiwa da ƙugu suke a ƙarƙashin yadi, don haka ka fara shata jikin sama-sama kafin ka sa masa riga. Kowace lanƙwasar yadi tana da inda ta taso: babbar riga daga kafaɗa take zubowa, zane daga ɗaurin ƙugu, hijabi daga tsakar ka da haɓa. Rataya rigar Baba a ƙusa ka zana ta, gobe ka ɗora ta a kan kujera, ka kuma lura cewa shadda mai sitati karyewa take yi da kusurwa, atamfar da ta sha wanki kuwa kwanciya take yi lumui.

9. Hannu ɗaya kullum. Duk mai zanen da ka ga yana cusa hannayen mutanensa cikin aljihu, gudun aiki yake yi. Hannunka na hagu yana tare da kai ko'ina, ka zana shi a dunƙule, a buɗe, riƙe da moɗa, ka fara da tafin a matsayin dunƙule guda kafin ka raba yatsu. Tsawon hannu daga wuyansa zuwa ƙarshen dogon yatsa ya kusa kai tsawon fuska daga haɓa zuwa goshi, kuma kusan kowane sabon ɗalibi yana ƙaranta shi.

10. Haske ya zo daga wuri ɗaya. Rana tsaka a ƙasar Sakkwato tana wanke fuska ta bar ramuka biyu baƙaƙe a wurin ido, don haka a yi aiki da hantsi ko da la'asar sakaliya. Zaure ya fi ko'ina, tunda ƙofa ɗaya ce ke shigo da haske, da dare kuma tocila guda a gefe ta wadatar. Ka kankance ido har komai ya dushe, za ka ga fuskar ta rabu uku, haske da tsaka-tsaki da duhu, waɗannan ukun za ka fara shimfiɗawa kafin ka taɓa gashin ido.

11. Waya ta zama mai duba aiki, kada ta zama malami. Kwaikwayon hoton jaruman fim daga waya yana burge abokai, amma kyamara ta riga ta yi maka aikin da ya kamata idonka ya koya, wato mayar da abu mai kauri ya kwanta a takarda. Aina Onabolu, mutumin Ijebu-Ode da ake kira uban zanen zamani a Najeriya, da kwaikwayon hotunan littattafai da mujallu ya fara, sai dai bai tsaya nan ba, ya koma zana mutanen Legas, a 1920 kuma ya tafi Landan karatu. Ka ɗauki hoton zanenka ka dube shi ƙarami, ko ka nuna shi ga madubi, nan take idon da ya fi ɗan'uwansa tsawo zai tona kansa.

12. Kala huɗu, ba akwati guda ba. Fari, baƙi, ja da rawaya mai launin ƙasa, da su ake danganta Anders Zorn, mai zanen ƙasar Suwidin da ya rasu a 1920, kuma sun isa a haɗa launin fata iri-iri. Babban kuskure shi ne a dama ruwan ƙasa guda a shafe fuskar Bahaushe da shi tun daga goshi har wuya. Ka dubi ƙanenka da kyau a bakin ƙofa: goshinsa da karan hancinsa suna ɗaukar shuɗin sama, kumatu suna da ja-ja, ƙarƙashin haɓa kuma yana ɗaukar launin rigar da ya sa. In an samu kuɗin kala ta biyar a sayi shuɗi, a kuma nemi hotunan aikin Yusuf Grillo a intanet a ga yadda ya zana mutane da shuɗi kusan zalla.

13. Ku tambayi almajirai sirrin tawada. Gawayi da ƙaro da ruwa, abin da ake rubutun allo da shi ke nan, kuma idan aka sirka shi da ruwa mataki-mataki yana ba da toka-toka mai kyau na koyon inuwa da buroshi. Haka za a yi da jar ƙasa da farar ƙasa: a daka, a tankaɗe da tsumma mai laushi, a dama da ruwan ƙaro. Idan ya bushe yana tashi a yatsa ƙaron ya yi kaɗan, idan yana ƙyalli yana tsagewa ya yi yawa.

14. Ku yi aiki da yanayin garinku. Yadin akoko da kafinta ya ɗame a kan katako, aka shafa masa farin fentin ruwa haɗe da farin gam sau biyu ko uku, yana maye gurbin yadin zane na kanti. A bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, fentin akirilik yana bushewa a bakin buroshi, don haka a matso shi kaɗan-kaɗan a kan jiƙaƙƙen tsumma cikin faranti mai murfi. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gabar fentin mai, wanda ke kwanaki bai bushe ba, sai a jingina shi yana fuskantar bango. Kananzir ɗin wanke buroshi kuwa a yi amfani da shi a waje, kuma don Allah kada a zuba shi a kwalbar lemo a gidan da ke da yara.

15. Ku ba shi akwati, ku hana kunna wuta da aikinsa. Gara da ɓera da yoyon damina sun cinye zane fiye da yadda ake zato, sauran kuma ya tafi a ƙunshin ƙosai. A rubuta kwanan wata a bayan kowane, a sa takarda tsakanin na gawayi don kada su shafi juna, a ɗora akwatin a kan bulo nesa da bango. Ranar da zai nemi makaranta ko aiki, wannan tarin shi ne shaidarsa.

16. A nemi izini kafin a zana, a sake nema kafin a yaɗa. Wanda ya yarda ka zana shi a zaure bai yarda ka sa shi a Facebook ba, balle matan aure da 'yan mata. A hanya kuma, kada ka buɗe littafin zane kusa da shingen jami'an tsaro ko ofishinsu, zamanin ba na dogon bayani ba ne.

17. Ku yi masa kuɗin mota zuwa Zariya ko sau ɗaya. Sashen koyar da zane na Jami'ar Ahmadu Bello ya girmi jami'ar kanta: daga Ibadan aka kawo shi Zariya a 1955, jami'ar kuwa sai 1962 aka kafa ta. A nan ne a 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Grillo suka kafa ƙungiyarsu, suna cewa a koyi dabarar Turawa amma a zana abin gida, kuma a nan mai zane Gani Odutokun ya koyar har rasuwarsa a 1995. Yaron ya tafi da akwatinsa, ya gaida malamai da ladabi, ya nuna aikin, ya tambayi darussan da ake buƙata a jarrabawar sakandare da ta JAMB tun yana aji huɗu, kada sai an gama ya ji labari.

18. Aikin kuɗi na farko, a karɓi kafin alƙalami. Allon shagon aski, bangon makarantar firamare, hoton mahaifin wani da za a rataya a falo, da irin waɗannan ake fara sayen fenti ba tare da an taɓa kuɗin cefane ba. A yi ciniki a gaban babba, a faɗi girma da ranar karɓa, a karɓi rabin kuɗin kafin a jiƙa buroshi. In dangi ne suka ce a yi musu kyauta, to su kawo yadi da fenti, su kuma zo su zauna na awa biyu a zana su.