Yadda Ake Karanta Rubutun Jita

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a cikin birnin Kano, ko a Mandawari ko a Yakasai ko a kewayen kasuwar Kurmi, kunnensa ya san kiɗan tsirkiya tun yana ƙarami. Muna da garaya mai tsirkiya 2, da molo mai 3, da goge da kukuma masu tsirkiya ɗai-ɗai. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya guda ya zaga duniya. Haruna Uji ya yi suna da gurmi, Garba Supa kuma da kukuma. Hanyar koyon waɗannan kayan kiɗa ɗaya ce: yaro ya bi maigida, ya ɗauki kaya, ya kalli yatsu, ya saurara, har hannunsa ya faɗa. Hanya ce mai kyau, amma tana da illa guda. Ranar da maigida ya kwanta dama, duk abin da bai koya wa yaransa ba, kuma ba a naɗa a kaset ba, ya tafi ke nan.

Ɗalibinmu da ya koma gida hutu a cikin birni da aron jita a hannu, da wuya ya sami maigidan da zai bi a unguwarsu. Domin irinsa muka shirya wannan darasi a kan rubutun jita, wanda makaɗa ke kira tab. Wanda ya iya ƙirga daga 0 zuwa 12 ya isa ya fara.

Asalin rubutun

Wannan rubutu ya girmi jita irin ta yau. Masu kaɗa wani molo na Turai, wanda ya samo sunansa daga udu na Larabawa, su ne suka yaɗa shi. A 1507 wani mai ɗab'i a birnin Banis ta ƙasar Italiya, Ottaviano Petrucci, ya buga littafin kiɗan wannan molo na farko, kuma da lambobi aka rubuta shi a kan layuka. Mutanen Faransa haruffa suka yi amfani da su maimakon lambobi. A 1536 kuwa Luis Milan na Sifen ya buga nasa littafi inda ya sa tsirkiya mafi siranta a layin sama, kuma a haka ake rubutawa har yau.

Bambancinsa da rubutun waƙa mai ɗigo da sanduna shi ne: wancan yana faɗa maka sautin da ake so, ya bar ka ka nemo shi. Tab kuwa yana nuna maka tsirkiyar da za ka taɓa da wurin da za ka sa yatsa.

Mu fara sanin jitar kanta

Jita tana da tsirkiya 6. Ana ƙirga su daga siririya, wadda ke kusa da ƙasa idan ka rungumi jitar, ita ce ta 1. Mafi kauri, wadda ke kusa da haɓarka, ita ce ta 6. Sunayen sautinsu daga ta 6 zuwa ta 1 su ne E, A, D, G, B, E.

Dubi wuyan jitar. Za ka ga an gitta siraran ƙarafa a jikinsa, sun raba shi gida-gida kamar gaɓoɓin rake. Za mu kira kowane gida gaɓa. Gaɓa ta 1 ita ce ta kusa da kan jita inda kunnuwan ɗauri suke. Duk lokacin da ka matsa gaɓa ɗaya zuwa wajen cikin jitar, tsirkiyar da ke kaɗawa ta ragu, sautin kuma ya ƙara tashi da rabin taki. Ɗauko ma'auni ka gwada: a jitar da tsawon tsirkiyarta ya kai santimita 65, ƙarfen gaɓa ta 12 yana kan santimita 32.5, wato daidai rabi. Shi ya sa sautin gaɓa ta 12 ya zama sautin tsirkiyar da ba a danna ba, sai dai a sama, kamar do na ƙasa da do na sama.

Kafin karatu sai an daidaita ɗauri, domin rubutu ba ya amfani a kan jitar da ta saki. Danna gaɓa ta 5 a tsirkiya ta 6, sautin ya zama ɗaya da tsirkiya ta 5 a sake. Yi haka daga ta 5 zuwa ta 4, da ta 4 zuwa ta 3. Daga ta 3 zuwa ta 2 kaɗai ake danna gaɓa ta 4. Daga ta 2 zuwa ta 1 a koma gaɓa ta 5.

Dokoki huɗu na karatu

Ta farko: layuka 6 su ne tsirkiyoyi 6. Layin sama shi ne siririyar tsirkiya, layin ƙasa shi ne mai kauri. A nan masu koyo suka fi tuntuɓe, domin a jikin jita mai kaurin ce a sama. Maganin abin shi ne ka kwantar da jitar a cinyarka, fuskarta na kallon sama, kanta a hagunka. Yanzu dubi takarda, ka dubi tsirkiyoyi, za ka ga sun yi daidai.

Ta biyu: lambar da ke kan layi lambar gaɓa ce. Idan ka ga 3 a kan layin ƙasa, danna gaɓa ta 3 a tsirkiya ta 6, ka kaɗa. Kada ka ɗauka ana nufin yatsa na 3 ko kaɗawa sau 3. Idan ka ga 0, kaɗa tsirkiyar ba tare da dannawa ba.

Ta uku: ana karantawa daga hagu zuwa dama kamar boko. Lambar da ta riga zuwa ita ake fara kaɗawa, ko a kan wane layi take.

Ta huɗu: lambobin da suka hau kan juna a tsaye, tare ake kaɗa su da bugu ɗaya.

Misali na farko

Mun saba da do, re, mi a ajin waƙa. Ga su nan a rubutun jita:

E|------------------------|
B|-------------------0--1-|
G|-------------0--2-------|
D|----0--2--3-------------|
A|-3----------------------|
E|------------------------|

Mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Do yana kan tsirkiya ta 5, gaɓa ta 3. Re, mi, fa suna kan tsirkiya ta 4: a sake, gaɓa ta 2, gaɓa ta 3. So da la suna kan ta 3: a sake, da gaɓa ta 2. Ti da do na sama suna kan ta 2: a sake, da gaɓa ta 1. A wannan misali a ba kowace gaɓa yatsanta: manuni ga ta 1, na tsakiya ga ta 2, na zobe ga ta 3. A danna da kan yatsa, dab da bayan ƙarfen gaɓa. Idan sautin ya fito da zuza kamar ƙuda a kwalba, to ko yatsan ya yi nisa da ƙarfen, ko dannawar ba ta yi ƙarfi ba. A rera kowane sauti da baki yayin da ake kaɗa shi, domin kunne ya riƙa tafiya tare da ido.

Misali na biyu

Idan sautuka 3 ko fiye suka fita tare, muna iya kiransu damin sauti. Ga dami uku da suke ɗaukar waƙoƙi masu yawan gaske, wato G, da C, da D:

E|-3--0--2-|
B|-0--1--3-|
G|-0--0--2-|
D|-0--2--0-|
A|-2--3----|
E|-3-------|

A dami na farko duk tsirkiyoyi 6 suna da lamba, saboda haka duka za a share. A na biyu layin ƙasa babu komai, sai a tsallake tsirkiya ta 6. A na uku a tsallake ta 6 da ta 5. Wasu marubuta kan sa x a kan tsirkiyar da ba a so ta yi ƙara. Wasu kuma kan taƙaita damin a jere, daga tsirkiya ta 6 zuwa ta 1, kamar haka: G shi ne 320003, C shi ne x32010, D shi ne xx0232.

Sauran alamomi

Akwai haruffa kaɗan da za ku riƙa haɗuwa da su. Idan an rubuta 5h7, kaɗa gaɓa ta 5, sannan ka buga wani yatsa a kan ta 7 ba tare da sake kaɗawa ba. Idan an rubuta 7p5, akasin haka ne: yatsu biyu na danne, ka kaɗa, ka fizge na kan ta 7 domin ta 5 ta fito. Alamar 5/7 tana nufin ka zame da yatsa daga ta 5 zuwa ta 7 ba tare da ɗagawa ba. Ita kuwa 7b9 tana nufin ka danna ta 7, ka tura tsirkiyar gefe har sautin ya kai na gaɓa ta 9.

Abin da rubutun ba ya faɗa

A nan ne ya kamata a yi hattara. Yawancin tab ba ya nuna tsawon kowane sauti. Mutum biyu na iya karanta layi ɗaya, lambobinsu duka daidai, amma ɗaya ya fitar da kiɗan da za a taka, ɗaya kuma ya fitar da abin da ba wanda zai gane. Saboda haka a fara sauraron waƙar sau da yawa kafin a buɗe takarda, kuma a rubuta ƙirga a ƙarƙashin lambobi. Ga gwaji a kan sautuka 5 da ake yawan ji a kiɗan ƙasarmu, wato do, re, mi, so, la. Layuka uku kawai muka kawo, kuma kowace lamba bugu ɗaya ce, a ƙirga 1, 2, 3, 4 sau biyu:

G|-------0--2-|-0----------|
D|----2-------|----2--0----|
A|-3----------|----------3-|

A kaɗa shi ana buga ƙafa a ƙasa. Bayan ya zauna, a tsawaita sautin farko a gajarta na biyu, a ji yadda kiɗan ya sake kama alhali lamba ko ɗaya ba ta canza ba.

Na biyu, goge da kukuma ba su da gaɓoɓi, don haka mai kaɗa su yana iya tsayawa a tsakanin sauti biyu, inda lamba ba ta kai. Wanda ke son kwaikwayon muryarsu a jita sai ya nemi taimakon zamewa da tura tsirkiya, kunnensa kuma ya zama alƙali. Ali Farka Ture na ƙasar Mali, wanda ya rasu a 2006, da kayan tsirkiya na gargajiya ya fara, sannan ya kwashe salonsu ya ɗora a kan jita. Mdou Moctar na Nijar da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Dukansu da kunne suka koya.

Na uku, dubban tab da ke intanet masu sha'awa ne suka rubuta su gwargwadon jinsu, kuma akwai kurakurai a ciki. In takarda da kunne suka yi gardama, a koma a saurari waƙar.

Shawarwari

Minti 15 kullum ya fi awa 3 ranar Asabar kaɗai. Kan yatsu zai yi zafi a makonnin farko, daga baya ya yi kanta. Lokacin hunturu iska na busar da katako, ɗauri ya riƙa saki, wani lokaci ma jikin jita ya tsage, saboda haka a ajiye ta cikin jakarta nesa da rana. A cikin birni gidaje manne suke da juna. A nemi iznin iyaye, a sassauta hannu, a ajiye jita lokacin salla da lokacin barcin maƙwabta. Kada kuma ta ci lokacin karatun jarrabawa.

Aikin hutu

1. Ja layuka 6 a littafinka, ka rubuta do zuwa do daga sama zuwa ƙasa ba tare da duba misali ba.
2. Rubuta Am, wato x02210, a tsaye a kan layuka.
3. Nemi wani dattijo ko tsohuwa a gidanku su rera maka waƙar daka ko ta reno, ka nemo sautukanta a jita, ka rubuta su da ƙirgarsu. Ka sa sunan waƙar da unguwar da ka ji ta da kwanan wata.

Kammalawa

Tambaya ta uku ita ce ta fi muhimmanci a gare mu. Wanda ya iya karanta tab ya iya rubuta shi, kuma layuka 2 ko 3 sun isa a fara ajiye kiɗan garaya ko molo a takarda. Akwai waƙoƙi da yawa a bakin kakanninmu da ba a taɓa rubuta sautinsu ba. Idan kowane ɗalibi ya dawo da guda ɗaya, ajinmu zai tara abin da na baya za su buɗe su kaɗa. Hausawa na cewa da yayyafi kogi kan cika. Allah ya ba da sa'a, ya dawo mana da ku lafiya.