Bututun Iska Mai Sanyi a Zafin Garwa: Matakai Bakwai Kafin Ka Taɓa Injin Motarka

Duk wanda ya fara neman ƙara wa motarsa ƙarfi, shawarar farko da zai ji ita ce ya cire akwatin iyakilina na kamfani, ya ɗaura bututun iska mai sanyi da filtar nan mai siffar mazurari. Maganar tana da tushe. Injin fetur yana buƙatar kusan kilo 14.7 na iska kafin ya ƙone kilo ɗaya na mai, kuma iska mai sanyi ta fi mai zafi nauyi: duk raguwar digiri 3 tana ƙara mata kusan kashi 1 cikin 100. Idan ka rage digiri 10, inji mai ƙarfin doki 100 zai samu ƙarin doki biyu ko uku, in an yi sa'a. Iyakar ribar ke nan.

Amma a Garwa muke. A Maris da Afrilu zafi yana haura digiri 40, daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ce, a Agusta kuma Binuwai ta cika, ruwa ya kwanta a kan hanyoyi. Wanda bai yi lissafi da waɗannan uku ba, garin neman doki uku zai rasa injin gaba ɗaya. Ga yadda za ka bi.

Mataki na 1: Duba inda motarka ke shan iska

Buɗe bonet, ka bi tiyon da ya fito daga akwatin iyakilina har ƙarshensa. A yawancin motocin da muke hawa, irin su Corolla da Hilux, bakinsa yana bayan ragar gaba ne ko cikin madigadi, wato tun daga kamfani iskar waje suke sha. Wanda ya cire wannan ya maƙala buɗaɗɗiyar filta kusa da inji ya koma baya, domin iskar cikin bonet tana iya kaiwa digiri 60 ko fiye idan mota ta tsaya a cunkoson kasuwa.

Mataki na 2: Auna kafin ka saya

Motocin fetur da aka ƙera don Turai daga 2001, irin waɗanda ke shigowa ta Duwala, suna da soket mai rami 16 a ƙarƙashin sitiyari. Da ƙaramar na'urar skana da wayar hannu za ka ga zafin iskar da ke shiga inji. Karanta shi mota tana tsaye, ka sake karantawa tana gudun kilomita 70 a awa, ka gwada da zafin gari. Idan bambancin a kan gudu bai kai digiri 10 ba, sabon bututu ba shi da abin da zai ƙara maka. Kuma babu bututun da zai ba ka iskar da ta fi ta waje sanyi: ran da Garwa take 42, to 42 ce mafi kyawun abin da injinka zai samu.

Mataki na 3: Dawo da ƙarfin da ya ɓace

Mota da yawa ba ƙari take buƙata ba, nata ne ya zube. Filtar da ta toshe da ƙura, tsofaffin fulogi, lagireto mai datti, tiyon da ya tsage, kowannensu yana iya cin ƙarfin da ya fi wanda kake nema. Haka ma mai. Zuwa-zuwar da ake sayarwa a kwalabe bakin titi, idan ta zo da gauraye ko datti, ga kuma zafi, inji yakan fara ƙwanƙwasa, sai kwamfutar mota ta jinkirta wutar fulogi don ta kare shi, ƙarfi ya ragu. Gyara waɗannan tukuna, ka sake jin motar.

Mataki na 4: Tabbatar injin yana buƙatar ƙarin iska

Akwatin kamfani an auna shi ne daidai da injin kamfani. Sai an sauya inji sosai, an ɗaura turbo ko an sa wanda ya fi girma, an buɗe salansa tun daga tushe, an sake tsara kwamfutar mota, sannan tsohon akwatin kan zama ƙunci. A nan ne babban bututu yake da amfani na gaske. A injin gas mai turbo kuwa, matse iska da turbo ke yi yana dafa ta, don haka ƙaramin lagireton da ke sanyaya ta bayan turbo shi ne abin lura. Wanke masa ƙura da ƙwari da ƙaiƙayi, ka tabbatar tiyoyinsa ba sa yoyo.

Mataki na 5: Zaɓi filta da ƙurarmu a ranka

A nan ne mutane suka fi yin asara. Filtar auduga da ake shafa wa mai tana barin iska ta wuce da sauƙi, amma ƙura mai laushi ma tana bin ta fiye da yadda take bin filtar takarda mai kyau. Ƙurar hunturu da ta hanyar burji yashi ce mai kaifi. Idan ta shiga silinda, tana cin ringi da bango kamar sanfefa. Alamarta ita ce mota ta fara shan baƙin mai da fitar da shuɗin hayaƙi. Idan kuma man filtar ya yi yawa, yakan ɓata sensar da ke auna iska, mota ta riƙa shaƙewa. Zaɓi busasshiyar filta mai faɗi a cikin rufaffen akwati. Bayan mako biyu, cire tiyon da ke bayan filtar, ka goga farin ƙyalle a cikinsa. In ya fito da ja ko toka-toka, ƙura tana wucewa, kada ka ƙara kwana da wannan filtar.

Mataki na 6: Ɗaura shi sama, ka rufe kowace kafa

Irin bututun da ake saukar da bakinsa ƙasa bayan bamba an yi shi ne don busasshiyar kwalta. Ruwa ba ya matsuwa. Idan inji ya zuƙi ko kofi ɗaya, sandar fistin tana iya lanƙwashewa nan take. Kada bakin bututu ya sauka ƙasa da fitilar gaba. Mai bin hanyoyin Poli, Colire ko Rai Buba da damina, dogon bututun nan da ke hawa gefen gilashi har rufin mota ya fi masa: ba ya ƙara ƙarfi, amma yana nisanta inji da ruwa da ƙurar taya.

Wajen ɗaurawa, a cire kan batir tukuna. Sensar iska ta zauna a bututu mai faɗi daidai da na asali, kibiyarta tana kallon inji, in ba haka ba lissafin mai zai rikice. A sa faifan ƙarfe tsakanin filta da zafin salansa, a mayar da ƙananan tiyoyi wurarensu, a ɗaure kowane kilif. Ka ce wa bakanike ya ba ka tsohon akwatinka ka adana.

Mataki na 7: Gwada da agogo

Sabon bututu yana ƙara wa inji gurnani, kunne kuwa yana ruɗar mai mota. Nemi miƙaƙƙiyar hanya da babu jama'a, ban da hanyar Pitowa ranar Lahadi da kasuwa ke ci. Wani ya zauna gefenka da agogo. A giya ta uku, taka totur daga kilomita 40 zuwa 80, zuwa da dawowa, sau da dama. Yi wannan kafin sauyi da bayansa, a hanya ɗaya, a lokaci ɗaya na yini, da kaya iri ɗaya. Lura da fitilar gargaɗin inji da yawan man da motar take sha. Idan agogo bai nuna bambanci ba, mayar da akwatin kamfani.

Bututun iska mai sanyi yana amfanar injin da aka riga aka sauya sosai, idan an rufe shi da kyau kuma an ɗaga bakinsa. Ga motar yau da kullum a Garwa da Marwa da kewaye, kuɗinka sun fi albarka a filtar takarda ta gari da kake sauyawa a kan kari, musamman da hunturu, da tsaftataccen lagireto da mai mai kyau. Ɗan'uwa, kare injinka daga ƙura da ruwa tukuna, sannan ka nemi ƙari. Allah ya tsare hanya.